Karatun Kwata

Gidan Goggo Baturiya,
Talata Mafara.
Laraba, 7 ga Agusta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayana Abdulrashid,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Anti Amira da yara. Yaya aiki, yaya damina a Bakura? Mu nan Mafara an yi mana ruwa mai ƙarfi shekaranjiya har katangar bayan gida ta tsage. Goggo tana gaishe ka, ta ce ƙafar da sauƙi.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa a hannun Jibo direba alhali ina da lambarka. A waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Ka yi faɗa, in yi kuka, ka kashe. To ga takarda, in ka ga dama ka yi mata tsawa, ita dai sai ta gama faɗin abin da ta zo faɗi.

Abin da nake so guda ne, Yaya: takarduna. Shaidar gama karatuna na likita da sauran, waɗanda na ɗaura a cikina da gyale na fito da su daga Khartoum bara, na damƙa maka amana. Ka san duk wanda ya yi likitanci a waje sai ya ci jarrabawar lasisi kafin a bar shi ya taɓa majinyaci. Rajista za a rufe ta ranar Juma'a, talatin ga wanga wata, kuma ba a yi sai da takardun. Kai kuwa ka kulle su a durowarka, ka ce ba ka ba ni sai na yi abu biyu: in daina zuwa kwata wurin mahauta, in kuma tafi Kaduna ajin nan na masu ɗan littafin tambayoyin baya. Ko ɗaya ba zan yi ba, kuma bari in gaya maka dalili.

Wanga ɗan littafi da kake yabo, shi ya kayar da ni a karon farko. Wata uku na yi ina haddarsa, tambaya da amsa, tambaya da amsa, har ina bitarsa ina wanke-wanke. Na shiga zauren jarrabawa, sai ga tambayoyin sun sake riga. Abu ɗaya ake tambaya, amma ta wata ƙofa, ni kuwa ƙofa guda na sani. Bayan an gama na zauna na duba amsoshin littafin da kyau, na tarar da goma sha ɗaya ba daidai ba ne. Goma sha ɗaya fa! Kuma na haddace su tsaf. Darasi biyu suka fi cin amanata, ilimin sassan jikin mutum da ilimin yadda ɗan tayi ke haɗuwa a ciki. Ban taɓa gaya maka ba don kunya, amma a makaranta mu kusan sittin muke kewaye gawa guda, ni kuma ka san tsawona. Bayan mutane na gani, Yaya, ban ga hanta ba. Darasin ɗan tayi kuwa ya faɗo shekarar da aka yi ta rufe makarantu saboda zanga-zanga, a waya muka karanta shi.

Wanga karo na shimfiɗa tabarma na jera duk abin da aka ce in karanta. Akwai manyan littattafai uku da Dakta Hussaina ta asibitin garin nan ta ara min, kowanne ya isa a yi matashin kai da shi. Ko ba na cin abinci ba zan gama su ba. Akwai bidiyon da 'yan ajinmu ke turowa, wanda a gidan Goggo sai ya yi ta juyawa har cajin ya ƙare. Akwai ɗan littafinka. Na ɗauki siraran littattafai biyu, ɗaya na sassan jiki, ɗaya na ɗan tayi, na sayi littafin zane da fensir mai launi. Manyan nan sai in abu ya shige min duhu zan buɗe su. Tambayoyin baya sai watan ƙarshe, don in gwada kaina, ba don in hadiye su ba.

Sai abin da ya rage, ganin ido. Ranar wata Talata Goggo ta aike ni sayen kayan ciki, na tarar da wani dattijon mahauci, Baba Nasidi, ya tsaga zuciyar rago zai yanyanka. Na ce ya dakata don Allah. Na sa yatsa na bi ɗakunan nan huɗu, na taɓa 'yan igiyoyin da ke riƙe da ƙyauren kowane ɗaki. Shekara shida ina zana su daga hoto, ban san haka suke da ƙarfi ba. Na tsaya nan tsakiyar ƙudaje hawaye na zuba, dattijo yana tambaya ko an yi min rasuwa. Tun ran nan, da na idar da sallar asuba sai kwata, in dawo kafin ƙarfe tara.

Ban saci komai ba, ban zauna da kowa a ɓoye ba, hijabina har ƙasa. Ka ba Jibo takarduna in ya biyo gobe. A gaida Anti Amira, a shafa min kan yara.

Ƙanwarka,
Taibatu.

Gidan Goggo Baturiya,
Talata Mafara.
Alhamis, 15 ga Agusta.

Assalamu alaikum.

Yaya Abdulrashid,

Ina gaishe ka da kyau da kyau. Ina fata zazzaɓin da aka ce ya kama ɗanka Khalifa ya sauka. A riƙa ba shi maganin har ya ƙare, kada a tsaya don an ga ya tashi wasa, wanga halin gidanka na san shi. Allah ya ba shi lafiya.

Jibo ya kawo amsarka, ambulan ba nauyi, tun daga nan na san babu takardu. Na karanta shafi biyun nan sau uku. Ka ce wani ɗan garinmu Maradun ya gan ni zaune kan benci tsakiyar mahauta hannuna dumu-dumu da jini, ya kai labari har ofishinku. Ka ce ɗiyar Malam Umar, jikar limamai, ba ta zama cikin masu fawa. Ka ce kai ka yi ta fama aka tura ni karatu lokacin da dangi ke cewa mace ba ta zuwa ƙasar waje, yanzu ga sakayyarka. Wanga na ƙarshe ya yi min ciwo, don gaskiya ne kai ka tsaya min, kuma ban manta ba. Amma Yaya, likita ka tura ni in zama. Da wane hannu kake zaton likita ke aiki? Da ka zo asibitin da muka yi gwaji ka ga abin da na sa hannu ciki, wallahi da ka ce kwata ta fi tsabta.

Kuma naman da Anti Amira ke sa maka a miya, daga sama yake faɗowa? Haba Yaya. A ci abin hannun mutum, a ce ba a zama bencinsa?

Bari ka ji abin da ya faru ranar Litinin. Baba Nasidi ba ya yanka dabba mai ciki da saninsa, yana latsa cikin kowace kafin a kayar da ita, in ya ji alama sai ya mayar wa mai ita. Amma in cikin ƙarami ne ba a ganewa sai an fiɗe. Da can jefarwa suke yi. Yanzu ya gaya wa abokan aikinsa duk wanda ya samu ya ajiye min. Ranar aka samu ɗan tayin akuya, bai kai tafin hannuna ba, yana cikin jakarsa ta ruwa. Dattijon ya dube shi kawai ya ce wata biyu da 'yan kwanaki. Na buɗe ƙirjin da reza a hankali, na fito da zuciyar, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Littafi ya ce kafin haihuwa akwai ƙofa tsakanin ɗakuna biyu na sama, jini na ratsawa ta nan ba ya bi ta huhu. Na zaro tsinke siriri daga tsintsiyar kwata na zura, ya shiga ta dama ya fito ta hagu. Tambayar wagga ƙofa ta fito a jarrabawar da na faɗi, na zaɓi amsar banza. Yanzu ko a gigice nake ba zan manta ba.

Ba na ce kwata ta isa ba, don har ta so ta yi min ƙafa. Na yanka cibiyar na ƙirga jijiyoyin jini huɗu, na zana huɗu, na rubuta huɗu da jan fensir ina jin kaina. Da na dawo gida na buɗe littafi, ashe na mutum uku ne, huɗu na akuya ne. Na yi ta dariya ni kaɗai har Goggo ta leƙo ta ce ko karatun ya fara taɓa ni. Shi ya sa na raba kowane shafi biyu, gefe na dabba, gefe na ɗan Adam. Duk abin da na gani da safe sai na kai shi gaban littafi da hantsi. Baba Nasidi ya san inda kowace jijiya ta bi ko idonsa a rufe, ni na san sunanta da aikinta. Yana nuna min, ina gaya masa, wani lokaci har gardama muke yi.

Sai batun Baba, mahaifinmu. Ka ce kana ɓoye masa ne saboda hawan jininsa, in ya ji zai iya faɗuwa, kuma alhakin yana wuyana. Ka daɗe kana tsorata ni da Baba, tun ina firamare. To na gaji. Ba zan bari ya ji a bakin 'yan kasuwa ba. Jibi Asabar zan shiga motar safe in tafi Maradun in gaya masa da bakina, da littafin zanena a hannu. In shi ya ce in bari, zan bari, in yi kukana in haƙura, don shi ya haife ni. Amma sai na ji daga bakinsa.

Saura kwana goma sha biyar a rufe rajista. Ina ƙirgawa, na san kai ma kana ƙirgawa.

Ƙanwarka mai taurin kai, kamar yadda ka rubuta,
Taibatu.

Gidan Goggo Baturiya,
Talata Mafara.
Laraba, 21 ga Agusta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yayana,

Ina kwana, ina gajiya? Ina fata kowa lafiya, Khalifa ya warware. Mutanen Maradun duk suna gaishe ka. Na je lafiya na dawo lafiya, hanya dai sai addu'a kamar kullum. Geron gonar Baba ta hanyar Kaya ya yi kyau bana.

Na san labari ya riga wasiƙata isowa, amma ka ji shi daga wadda aka yi a gabanta.

Na tarar da Baba a zaure ya sallami masu ɗaukar karatu. Na durƙusa a gabansa. Na faɗa masa komai, har da riƙe takardun, ban rage ba ban ƙara ba. Sannan ya miƙo hannu na ba shi littafin zanen. Ya sa tabarau, ya bi shafi shafi da yatsa. Da ya kai kan ɗan tayin nan sai ya tsaya. Ya tambaye ni ko da idona na ga wannan, ko daga littafi na kwafa. Na ce da idona. Ya ce shekara hamsin ke nan yana fassara wa mutane ayoyin da ke bayanin halittar ɗan Adam a cikin uwa, mataki bayan mataki, bai taɓa ganin ko ɗaya daga matakan ba. Ya yi ta tasbihi yana kallon zanen.

Sai ga faɗa ya zo, amma ba inda muka zata ba. Ya tambayi sunan wanda ke nuna min, da tsawon lokacin da na yi ina zuwa. Da na ce mako shida, ransa ya ɓaci sosai. Ya ce a gidanmu ba a taɓa ɗaukar karatu wurin mutum ba tare da uba ya je ya kai goro ya damƙa ɗansa ba. Ya ce na ci ilimin bawan Allah mako shida kamar marar iyaye, kai kuma da kake babba ka sani ba ka je ka gaishe shi ba. Abin kunyar da ya gani ke nan, Yaya, ba jini a hannuna ba.

Jiya Talata ya shigo motar farko. Na roƙe shi ya bari a kira Baba Nasidi gidan Goggo, ya ce ɗalibi ke zuwa wurin malami. Haka ya ratsa kwata ranar kasuwa, da farar rigarsa da sandarsa, yana tattare gindin riga saboda ruwan wanki, ni ina biye da ƙullin goro. Wuri ya yi tsit, masu sara suka tsaya da gatari a hannu. Baba Nasidi ya ruɗe, yana ta goge hannu a jikin riga, yana neman inda zai ɓoye su. Baba ya kama hannun nan haka yadda yake ya riƙe, ya kira shi Malam Nasidi, ya ba shi haƙurin jinkiri. Ya ce ga ɗiyarsa nan ya kawo, in ta yi wasa a tsawata mata. Ya miƙa goro, aka yi fatiha. Dattijon nan da ke kayar da bijimi sai amin, amin yake ta cewa.

Baba bai tafi ba sai da ya zauna kan bencin nan da aka kai maka labarinsa. Aka tsaga masa zuciyar sa, na nuna masa ɗakunan, ya sa yatsa shi ma. Ya ce a nuna masa ƙoda. Na gaya masa ƙodar jariri a ciki gaɓa-gaɓa take kamar ta saniya, daga baya take sulɓi, ya sa na maimaita sau biyu. Jininsa kuwa na auna kafin ya hau mota, ya fi na ranar Asabar kyau.

Na tambaye shi ko zai yi maka magana kan takardun. Ya ce a'a. Ya ce kai ka ɗauki amana, kai za ka sauke ta, ba zai tilasta wa mai gemu ya yi abin da ya sani ba. Na ji haushin wagga amsa, har na yi masa shiru a tasha, don na so ya ɗaga waya a gama. To ga mu nan, ni da kai, babu sauran wanda za ka laɓe bayansa. In don Baba ne, Baba ya zauna a kwata. In don abokan ofis ne da abin da za su ce, to ka faɗa min haka ƙarara, in san abin da aka sayar da shekara shida na rayuwata a kansa.

Kwana tara ya rage. Ba zan sake roƙo ba.

Ƙanwarka,
Taibatu.

Gidan Goggo Baturiya,
Talata Mafara.
Laraba, 28 ga Agusta.

Assalamu alaikum.

Yaya Abdulrashid,

Bayan gaisuwa da fatan ka koma Bakura lafiya. A gaida Anti Amira da yara.

Na dawo daga kwata jiya Goggo ta miƙo min babbar ambulan. Ta ce ka zo da kanka, ka ƙi zama, ka ƙi shan ko ruwa, ka dubi agogo ka ce sai ka tafi kafin in dawo. Na ga 'yar takardar da ka saka a sama, layi biyu: ga takarduna, ka cire hannunka daga sha'anina, in yi abin da na ga dama. Na zauna bakin gado na yi kuka, kukan da na ce ba zan ƙara yi maka ba. Mako uku ina yaƙi, ga takardu a cinyata, amma ban ji daɗin komai ba.

Da na share ido sai na zazzage ambulan ɗin. Takarduna na asali suna nan cif, kowace cikin ledarta. Ƙarƙashinsu kuma ga kwafi uku-uku na kowace, an jera su bi da bi yadda fom ya nema. Ga takardar rantsuwar kotu kan harafin sunana da aka rubuta ba daidai ba a shaidar sakandare, abin da ni kaina na manta da shi, wanda da shi kaɗai za a iya maido ni daga bakin tagar rajista. Hatiminta na Gusau ne, kwanan watan Alhamis da ta wuce. Na tambayi Jibo da yamma, ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce shi ya kai ka, ka bi layi ranar ba a samu mai sa hannu ba, ka sake komawa Juma'a ka karɓo.

Wanda ya cire hannunsa ba ya zuwa Gusau sau biyu cikin ruwan sama, Yaya. Ka yi fushinka, amma kada ka yi min ƙarya a rubuce.

Yau da hantsi na gama rajista, lambar zaman jarrabawa tana hannuna. Ban san ko zan ci ba. Akwai jijiyoyin hannu da na wuya da har yanzu ke ruɗa ni, su kuma akuya ba ta da irinsu, sai dai in koma wa manyan littattafan Dakta Hussaina. Amma in na faɗi wanga karo, zan faɗi ne a kan abin da na fahimta, kuma zan san inda zan gyara.

Ba zan ba ka haƙuri ba, don ban yi maka laifi ba. Na gode kuwa, godiyar da ban san yadda ake rubuta ta ba. Goggo ta ce ka rame. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan zo Bakura in gaishe ka, in ka ga dama ka shige ɗaki ka rufe, zan zauna a tsakar gida da yara har ka fito. Gobe dai da asuba ina kwata, Malam Nasidi ya ce kada in makara.

Ƙanwarka har kullum,
Taibatu Umar.